Maganar lasin tuƙi a nan Amurka

Ƙanina ka tambaye ni wai sai mutum ya zama ɗan ƙasa kafin a ba shi lasin tuƙi a Amurka, to a'a wallahi, ni kaina da girin kat, wato katin zama na dindindin, na karɓi nawa tun ban yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, ɗalibi mai biza ma yana samu. Abin da ku a gida ba ku gane ba shi ne nan ba kamar Najeriya ba ne da lasin ɗaya ne daga Sakkwato har Legas, nan kowace jiha da ofishinta da dokarta, mu a New York DMV muke ce masa.

Da can wanda bizarsa ta ƙare ya zauna ba takarda, ba shi ba lasin, sai a 2019 jihar ta yi dokar da ake kira Green Light, ta fara aiki a Disamba. Yanzu in ka kai shekara 16 ka je da fasfo ɗinka na gida mai rai da shaidar kana zaune a jihar, ba mai tambayarka ta ina ka shigo. Tambaya 20 ce a jarabawar rubutu ka ci 14, sai ajin awa 5, sai gwajin titi, a nan ake kuka. Na san dattijon da ya shekara da shekaru yana jan mota a gida amma fakin tsakanin mota biyu ya kayar da shi har sau biyu, mai gwajin na gefe da takardarsa ko murmushi babu, kuma ba zancen a ga Oga a bayan ofis.

Sai dai wannan lasin ɗin an rubuta a jikinsa cewa ba na harkar gwamnatin tarayya ba ne. Mai tauraro a kusurwa, REAL ID, shi ne sai mai zaman halal, kuma tun 7 ga Mayu 2025 shi ko fasfo ake nema a filin jirgi ko da tafiyar cikin ƙasa ce. Shi wancan lasin na Green Light ba ya kuma ba ka izinin aiki, babbar mota ma ba ta ciki. Jihar Kalifoniya tun 2015 take ba marasa takarda lasin, amma je ka Texas ka ga, ba takarda ba lasin, shi ya sa in baƙo ya sauka a unguwar Bronx ta birnin New York kafin ya gama shan ruwa ake tambayarsa wace jiha zai zauna.

Abin da muka fi jan kunnen sabon zuwa a kai, mu da 'yan uwanmu na zangon Ghana da na Nijar in an haɗu a masallaci bayan Juma'a, shi ne wajen cike fom akwai inda ake tambaya ko kana son rajistar zaɓe. Wani bai iya Turanci sosai ba sai ya danna eh kawai don ya gama ya tafi, alhali ba ɗan ƙasa ba ne, to ya yi wa kansa, ranar da ya je neman takarda sai a zaro masa ita, har korar mutum ana yi a kan wannan. Shi ya sa ba ma barin baƙo ya je shi kaɗai, sai an haɗa shi da wani tsohon zama ya raka shi.

In Allah ya kawo ka dai kar ka baro lasinka na gida a durowa, taho da shi, a New York yana cikin takardun shaida da suke karɓa, amma gwajin titin nan sai ka yi shi. Ka gaida su Inna.