Kafin ku shiga ajin firamare da kayan gwajinku

Sannu da ƙoƙari ƙanwata, Allah Ya yi muku jagora. Na ga tambayarki, cewa ke da abokan karatunki a tsangayar kimiyya kuna son ku fara zuwa makarantun firamare kuna nuna wa yara gwaje-gwaje a matsayin aikin sa kai, amma ba ku da kayan ɗakin gwaji, kuma ba ku san ta inda za ku ɓullo wa 'yan shekara bakwai zuwa goma ba. Na yi wannan aikin lokacin ina ɗalibi, bayan na gama ma na ci gaba da taya waɗanda suka gaje mu, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani. Maganar za ta ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri.

Rashin kaya shi ne mafi sauƙin matsalolinku. Wadda ta fi shi ita ce son burgewa. Duk ɗalibin da ya tsaya gaban aji karon farko so yake ya ji yara sun yi ihu, kumfa ta yi ambaliya daga kwalba, ruwa ya canja launi. Za su yi ihun kuwa, har da tafi. Amma ki koma bayan mako biyu ki tambaye su me suka koya, amsar da za ki ji ita ce wasu 'yan jami'a sun zo sun yi siddabaru. Kuma yaron bai yi ƙarya ba, domin abin da ya gani ke nan: wani babba ya tsaya can gaba, ya yi abin mamaki, ya tattara kayansa ya tafi da sirrinsa. Shi ya sa kowane gwaji aka kawo mana, tambaya biyu muke yi a kansa kafin mu saka shi cikin jaka. Kowane yaro zai taɓa da hannunsa? Bayan mun tafi, zai iya sake yi shi kaɗai, ya kuma faɗi dalili? In amsar a'a ce, a ajiye shi komai kyansa.

Ku fara da maganaɗisu. Ku raba ajin rukuni-rukuni, yara biyar ko shida a hannun ɗalibi guda, ku zube musu tarkace a gabansu: ƙusa, makulli, guntun wayar wuta da aka feɗe, gwangwanin alminiyam, murfin biro, tsinke, goge-goge. Kada ku ba su maganaɗisun tukuna. Su fara ware kayan gida biyu, waɗanda suke zaton zai ja da waɗanda ba zai ja ba. Kusan kowane rukuni zai tara duk wani abu mai ƙyalli a gefen "zai ja". Sannan ku miƙa musu. Akwai wata yarinya da na gani ta manna shi a jikin gwangwanin alminiyam, ya faɗo, ta sake mannawa, ya faɗo, ta goge shi da hannun rigarta ta sake, sai ta ɗago ta ce min, "Yaya, wannan ya lalace, a canja min." Ban ce mata komai ba, ƙusa kawai na tura gabanta. Da ya cafke ƙusar sai ta yi shiru, ta dubi gwangwanin, ta dubi ƙusar, can ta ce ashe ƙarfe ma iri-iri ne. Da na tsaya gaban allo na ce maganaɗisu ba ya jan alminiyam da jan ƙarfe, da ta rubuta ta manta. Yanzu kuwa ita ta kama kanta da kuskure, ita ta gyara.

Sirrin yana wajen hasashen nan na farko. Yaron da bai faɗi abin da yake zato ba, ba shi da abin da zai yi mamaki a kai. Sai dai hasashe yana buƙatar ku iya yin shiru, kuma wannan ya fi komai wuya ga ɗan jami'a da kansa ke cike da amsoshi. Wata mai bincike kan koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta gano yawancin malamai kusan daƙiƙa ɗaya kacal suke jira bayan sun yi tambaya. Idan aka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suna ƙara tsawo, kuma waɗanda ba sa magana suna fara ɗaga hannu. Ki gwada ƙirga uku a zuci gaban yara masu zuba miki ido, za ki ji kamar an shekara. Ku yi atisayen wannan a tsakaninku kafin ku je.

Yanzu ga inda nake son ki fi ba ni hankalinki. Ku tabbata bayanin da za ku bayar gaskiya ne. Yawancin gwaje-gwajen da ke yawo a intanet suna aiki, amma dalilin da ake liƙa musu sau da yawa ba daidai ba ne, kuma yaro yana ɗaukar maganar ɗan jami'a kamar yankan wuƙa.

Ɗauki gwajin kyandir. A tsayar da kyandir a faranti mai ɗan ruwa, a kunna, a kifa masa kwalba. Wutar ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar. Bayanin da kowa ya haddace shi ne wuta ta cinye iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iska, sai ruwa ya hau ya cike gurbinta. Yana da daɗin ji, amma ki zauna ki kalli kwalbar da kyau. Lokacin da wutar ke ci, ruwan da ƙyar yake motsi. Sai bayan ta mutu yake hawa da sauri. In da cin oksijin ne dalili, ai da akasin haka za a gani. Kuma wutar tana mutuwa ne tun da sauran oksijin mai yawa a ciki, ga shi ƙonewar ma tana fitar da wata iskar a madadin wadda ta ci. Babban abin da ke faruwa shi ne zafi ya buɗa iskar da ke cikin kwalbar, wani lokaci har za ki ga ƙwayoyin iska suna tserewa ta ƙasan bakinta. Da wuta ta mutu sai iskar da ta rage ta huce ta tsuke, iskar waje kuma ta danna ruwan ya shiga. Abin daɗin shi ne yara da kansu za su iya raba gardamar. A sake gwajin da kyandir uku a kwalba guda. Oksijin ɗin da ke ciki bai ƙaru ba, amma ruwan zai fi hawa, domin zafin ya fi yawa. Ki bar su su yi musu a kai kafin a kunna ashana. Kyandir ba ƙaramin malami ba ne: Michael Faraday, wanda ya fara rayuwarsa a matsayin yaron shagon ɗinkin littattafai, lacca shida cur ya yi wa yara da matasa a Landan a kan kyandir kaɗai, aka buga su a littafi a 1861. Jerin laccocin yaran da ya yi su a ciki an fara shi tun 1825, kuma har yau ana yi.

Haka gwajin da ake barbaɗa gari a saman ruwa, a taɓa da yatsa mai sabulu, garin ya watse zuwa gefe, a ce wa yara ga yadda sabulu ke korar ƙwayoyin cuta. Niyyar mai kyau ce, bayanin ne ba haka ba. Sabulu ya raunana ɗaurin da ke saman ruwan ne a wurin da aka taɓa, sauran saman ya ja baya da garin. In kuna son koyar da wanke hannu ku koyar, amma kada ku jingina shi da dalilin ƙarya. Kuma in yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinku, ku ce ba ku sani ba, za ku binciko. Sannan ku binciko ɗin, ku dawo masa da ita.

Gwajin da ban taɓa ganin ya ba da kunya ba shi ne akwatin kwali mai huji. A huda ɗan ƙaramin rami da allura a gefe guda, a yanke taga a ɗaya gefen a manna takarda mai shara-shara, yaro ya lulluɓe kansa da mayafi ya nufi ƙofa ko bishiya da shi. Zai ga hoton a kife, kai a ƙasa. Sai abokinsa ya tsaya a rana ya ɗaga hannu, shi kuma ya ga hannun ya yi ƙasa. Daga nan ku ba su zare su ja daga kan abokin, ta ramin, zuwa takardar, su gano da kansu cewa haske a miƙe yake tafiya. A nan ne labarin Hasan Ibnul Haisam ke shiga da kyau, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da fitilu, ya kuma kafa hujja cewa gani yana faruwa ne da haske ya shigo ido. Ku ba da labarin bayan sun gani, ba kafin ba.

Maganar tsaro ba ta da tsawo amma babu sassauci a cikinta. Wuta a hannun ɗalibi babba kaɗai take, yara na nesa. Kada ku kusanci gwajin da ake zuba sinadarin metanol a kunna don a ga harshen wuta kala-kala. A 2014 hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka sai da ta fitar da gargaɗi na musamman bayan irinsa ya ƙona yara a wurare daban-daban cikin 'yan makonni. Ƙananan maganaɗisai masu ƙarfi da batir mai kamar maɓalli kada su shiga jakarku, domin haɗiye su na iya kisa. In kun raba gilashin ƙara girma, ku fara da dokar cewa ba a kallon rana da shi. Kada ɗayanku ya keɓe da yaro, kuma kada ku ɗora hoton fuskar yaran mutane a Facebook ba da izinin makaranta da iyaye ba. Ku nemi takarda daga sashenku kafin ku tunkari shugaban makaranta, tana buɗe ƙofa.

Malamin aji kuwa, ku riƙe shi hannu bibbiyu. 'Yan jami'a suna da wata ɗabi'a ta shiga aji kamar sun zo ceto, malamin ya koma bakin taga yana kallo. Wannan rashin ladabi ne, kuma asara ce. Shi ya san wanda ba ya ji sosai, da wadda ba ta magana sai an kira sunanta, da biyun da in aka haɗa su rukuni guda an gama darasi. Ku same shi tun kafin ranar, ku tambaye shi me ajin ke karantawa a wannan zangon, ku ɗora gwajinku a kai. Ku ba shi rukuni guda ya jagoranta, in za ku tafi ku bar masa kayan. Ku yi magana da harshen da yaran ke tunani da shi, ku ajiye manyan kalmomin lacca a gida.

Tunda ke mace ce, ga wani abu da zai shafe ki kai tsaye. Wani mai bincike, David Chambers, ya wallafa sakamakon wani nazari a 1983, inda aka ce wa yara 4,807 su zana masanin kimiyya. Guda 28 ne kawai suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne. Abin ya sauya sosai daga baya, amma har yanzu namiji yara suka fi zanawa. Don haka in kun je, kada a bar mata da rabon takarda da tsawatarwa, maza su riƙe kayan gwaji. Ki riƙe ashanar da kanki. Ku kuma lura da hannuwa a cikin rukuni, domin akwai yaron da zai warce maganaɗisu ya hana kowa, yarinyar gefensa ta koma mai kallo. Maganinsa a ba kowa aiki da suna: wannan mai hasashe, wannan mai gwadawa, wannan mai zanawa, sannan a juya.

Kin tambayi makarantu nawa ya kamata ku zagaya. Ni dai shawarata guda ɗaya, aji ɗaya, ku yi ta komawa har zango ya ƙare. Zagaya makarantu goma sau ɗai-ɗai yana da kyau a rahoto, amma sai a zuwa na uku ko na huɗu yaran ke daina kallonku a matsayin baƙi su fara kawo nasu tambayoyin, wani ma ya zo da akwatin da ya haɗa a gida yana ƙorafin hotonsa bai fito ba, ku duba tare ku ga ramin ne ya yi faɗi.

Abin da ke kashe irin wannan ƙungiya ba kuɗi ba ne, jarrabawa ce da kammala karatu. Ku ɗauko kalandar jami'a da ta makarantar ku ɗora su gefe da gefe tun yanzu, ku cire makonnin jarrabawarku, ku gaya wa shugaban makarantar ranakun da za ku iya kaɗai. Alƙawari huɗu da aka cika ya fi goma da aka saɓa, don yara suna ƙirga kwanaki. Kowane gwaji ya samu kwalinsa, da takarda a manne a murfin: kayan da ke ciki, tambayar da za a fara da ita, amsoshin da yara suka saba bayarwa, da bayanin gaskiya cikin layi uku. Kuma duk fitar da za ku yi, ku tafi da ɗalibin jami'a ɗan aji ɗaya ko biyu, ya fara da ɗaukar kwali, a fita ta gaba a ba shi rukuni. In kun tsara takardar gwajinku na farko, ki turo nan mu duba bayanin tare kafin ku kai wa yaran.