Amsa ga mai neman a-kori-kurar jan tirela: ta fetur ko ta dizal?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya ina kan hanya, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana Columbus ta jihar Ohio a Amurka, kana aikin sito kwana biyar a mako, tsakanin gidanka da wurin aikin bai wuce mil 6 ba. Kana so ka sayi a-kori-kura da tirela mai cin mota biyu, ka riƙa kwaso motocin gwanjo kana kai wa masu aikawa Legas da Kwatano tashar jiragen ruwa ta Baltimore, kamar sau biyu a wata. Motar kuma ita za ka riƙa hawa zuwa aiki. Shi ne kake tambaya, ta gas ko ta dizal?

Bari in fara raba gardamar da ta kaure a ƙasan tambayar, don na ga 'yan uwa na gida suna cewa ai gas da dizal duk abu ɗaya ne. Gaskiyarsu, a Kano in ka ce gas, man manyan motoci da injin niƙa kake nufi. A nan Amurka kuwa gas shi ne fetur. Abin dariya ne, har sai ranar da ka aiki baƙo ya sha maka mai. In fetur ya shiga tankin dizal aka tayar da inji, famfon mai da nozul-nozul sai dai wasu, domin maiƙon dizal ɗin ne yake hana ƙarafansu cin juna. Saboda haka ni fetur da dizal zan riƙa cewa.

A irin aikin da ka kwatanta, ta fetur za ka saya, amma babba, ajin Ford F-250 ko Ram 2500 ko Silverado 2500. Ni mai faɗar haka dizal nake tuƙawa yau, kuma ba na shirin rabuwa da ita.

Ba zan ɓoye maka daɗin dizal ba. Ɗauki Ford na 2020 a misali. Injin feturinsu mai lita 7.3 ƙarfin doki 430 gare shi, na dizal mai lita 6.7 kuma 475, ka ga ba wata tazara. A ƙarfin murɗa, wanda shi ke jan kaya, aka yi hannun riga: na fetur 475, na dizal 1,050, ninki biyu har da ɗoriya. Kuma dizal tana ba ka ƙarfin nan tun inji bai kai juyi 2,000 a minti ba, shi kuwa na fetur sai ya haura wajen 4,000. A shimfiɗaɗɗiyar kwaltar Ohio ba za ka ji bambancin sosai ba. Sai ka hau titin I-68, ka shiga duwatsun yammacin Maryland. Nan ta fetur za ta sauke giya, ta ɗauki kuka kamar za ta yi magana, har ka ji tausayinta ka so ɗaga ƙafa daga totur. Kada ka ɗaga, haka aka ƙera ta, kuma za ta hau. Ta dizal dai gurnani kawai take yi, kana sauraron karatu a rediyo ba ka ƙara murya ba.

Saukar ce abin tsoro. Akwai dogon gangaren da ke tashi daga Frostburg ya zube cikin Cumberland. Zuwana na farko, da ta fetur da motoci biyu a baya, na ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, ina ta lallaɓa shi. Kafin mu kai ƙasa sai ƙauri ya cika min hanci, birkin ya fara laushi kamar na taka burodi. Da ƙyar na samu gefen hanya na tsaya. Na fito gwiwoyina suna rawa, ga hayaƙi yana tashi siriri daga tayoyin tirela, in ka kai hannu kusa da ƙarfen sai ka ji hucin murhu. Wani dattijon direban babbar mota da ya tsaya a gabana ya leƙo, ya tambaye ni da wace giya na hau tudun. Na faɗa masa. Ya ce to da ita ake sauka. Laifina ne, ga maɓallin jan kaya nan a jikin giya ban ko danna shi ba. Tun daga ranar nake sauke giya tun daga sama, in taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci in sake shi ya huce. Ita dizal tana da birkin salansa: turbo yana shaƙe hanyar hayaƙi, injin da kansa ya riƙe motar, sai ka sauko gangaren nan da wuya ka taɓa birki sau uku. In za a ce in faɗi abu ɗaya da ya sa nake ƙaunarta, shi ne wannan.

To amma zo mu yi lissafi. A sabuwar mota, zaɓin injin dizal kaɗai yana ƙara maka kusan dala 10,000, kuma ko a 'yar hannu tazarar tana nan. Columbus zuwa Baltimore mil 400 ne da 'yan kai, zuwa da dawowa ka ce 840. Ni abin da na gani a motocina, in an haɗa zuwa da lodi da dawowa da tirela ba kaya, ta fetur tana cin mil 9 a galan, ta dizal mil 12. Wato galan 93 da galan 70. Sai dai a ƙasar nan dizal ya fi fetur tsada kusan kullum, har harajin tarayya ma ya fi a kansa, santi 24.4 a galan, fetur 18.4. Mu ƙaddara fetur dala 3.20 ne, dizal 3.80. Abin da ka rage a tafiya ɗaya bai wuce dala 30 da 'yan kai ba. Tafiya 24 a shekara, ko dala 800 ba ka haɗa ba. Sai ka yi wajen shekara goma sha uku kana wannan zirga-zirga kafin ka mayar da kuɗinka, ba a sa juye a ciki ba: injin dizal ɗin nan yana shan kwat 13 na baƙin mai (kwat ɗaya kusan lita ɗaya ne), na fetur 8, ga matatun mai guda biyu da ake canzawa, ga batir biyu. Masu cewa dizal tana riƙe darajarta ranar sayarwa ba su yi ƙarya ba, amma sai ta kai ranar lafiya.

Nan ne mil 6 ɗinka ya dame ni. Dizal ɗin da kake tunawa da ita a gida, mai baƙin hayaƙi wadda bakaniken bakin titi ke kwancewa ya ɗaura da yamma, ba ita ce wannan ba. Tun 2007 dokar hayaƙi ta sa aka saka musu matatar da ke kama toka a cikin salansa, bayan 2010 kuma aka ƙaro ruwan DEF mai tankinsa daban. Ruwan nan yuriya ce, irin ta takin da ake zuba wa masara amma tatacciya, kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tsabtataccen ruwa. In ya ƙare ka yi biris, kwamfutar motar za ta rage maka gudu har ka koma tafiyar hawainiya. Ita kuwa matatar, in ta cika sai motar ta ƙone tokar da kanta, kuma hakan yana son inji ya yi zafi, ana gudu a babban titi na kamar rabin awa.

Wani hunturu aiki ya yi min ƙasa, sai na mayar da dizal ɗina ta farko motar kai yara makaranta da zuwa masallaci. In tayar da ita da asuba, in bar ta tana aiki a tsaye minti ashirin don ciki ya yi ɗumi, in yi mil uku in kashe. Ta yi ta rubuto min a dashbod cewa in ci gaba da tuƙi, ni kuwa na riga na iso ƙofar gida. Kafin watan Maris ta ƙi wuce gudun keke, janwe ne ya kai ta gareji. Kuɗin da na biya ya fi ribar tafiya huɗu. Bakaniken ya miƙo min makulli yana cewa wannan ba motar cefane ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka sayi dizal, sai ka nemo mata aikin da za ta yi gumi. Rayuwar da ka kwatanta kuwa, kwana 26 a wata irin wancan hunturun nawa ne.

Wani abin da dillalai ba sa faɗa: injin dizal ya fi na fetur nauyi da laba ɗaruruwa, kuma daga cikin abin da motar za ta iya ɗauka ake cire shi. Su lambar abin da take iya ja suke nuna maka, don ita ce babba. Kai ka buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda mai ruwan ɗorawa manne a jikin ƙarfen, ita ce ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya. Tirelar da ake maƙalawa a baya tana ɗora wa mota kashi 10 zuwa 15 na nauyinta, mai dogon wuyan nan da ke zama a tsakiyar bodi, wadda muke ce wa gusnek, kashi 20 zuwa 25. Sau da yawa 2500 mai dizal tana da ƙarfin ja amma bayanta ya riga ya zauna, alhali 'yar uwarta ta fetur tana da sauran wuri. Tirelarka da Camry da Highlander a kai za su kai laba 12,000, tan biyar da rabi ke nan, kuma manyan injinan fetur na yanzu, 7.3 na Ford ko 6.4 na Ram ko 6.6 na Chevrolet, duk an yi su don irin wannan nauyi.

Ka kuma kula da lasisi. In iyakar nauyin da aka rubuta wa mota da ta tirela suka haɗu suka kai laba 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, sai da CDL, wato lasisin tuƙin manyan motocin kasuwanci, ko da ba komai a kanta. Mota mai 10,000 da tirela mai 14,000 kana ƙasa da layi. In kwaɗayi ya ja ka ka sayi mai taya huɗu a baya da aka rubuta wa 14,000, ka tsallake. Tunda kuma da kuɗi za ka riƙa ɗaukar kayan mutane kana ƙetare jihohi, lambar rajista ta ma'aikatar sufurin Amurka (USDOT) da inshorar kasuwanci ba makawa, shiga tashar jirgi kuma sai da katin shaidar ma'aikatan sufuri da ake kira TWIC, ko ɗan rakiya da za ka biya.

Ranar da ka ajiye aikin siton, ka koma tirela mai cin mota uku, kana hanya kwana huɗu a mako, ranar ni da kaina zan raka ka neman dizal, don a nan lissafin yake juyawa. Yanzu dai in ka samu wadda ta kwanta maka, ka ɗauko hoton takardar ƙofar nan da na ƙarfen da ke wuyan tirelar ka turo, mu haɗa lambobin tare kafin ka sa hannu.