Inji ya kame a tsakiyar kogi: in gyara ko in rabu da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin katako da nake jigilar mutane da kaya daga Yamai zuwa Bubon duk Laraba, ranar kasuwa. Injin Yamaha Enduro ne mai doki 40. Makon jiya muna cikin tafiya ƙarfinsa ya ragu, muka ji warin roba na ƙonewa, sai ya mutu. Yanzu igiyar tashi ko motsi ba ta yi. Wani makanike ya ce a buɗe, wani ya ce in sayar, ƙanena kuma ya ce a haɗa da jirgin a huta. Mene ne mafita?
Mai karatu daga Gamkalle, Yamai

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka lallashi ƙanen naka tukuna. Inji ne ya mutu, jirgi bai yi laifin komai ba, kuma ba a yanka wa inji hukunci sai an ga cikinsa.

Abin da ka bayyana alamar zafi ce. A ƙafar injin akwai ƴar farfelar roba mai tura ruwa sama don sanyaya shi. Yashin kogin nan yana cinye ta, musamman a watannin Mayu da Yuni da ruwa ke ja baya, leda ko kainuwa kuma kan toshe kafar shan ruwan. Da ta yi gudu a bushe, ko minti guda ba ta kaiwa take ƙonewa. Siririn ruwan da inji ke fitsarwa ta baya shi ne shaidar tana aiki, direba da yawa ba sa waiwayawa su duba.

Kafin ka kashe ko dala, a cire buji biyun, a mai da giya firi, a gwada juya babban faifan sama da hannu. In ya ƙi, a kwance ƙafar a sake gwadawa. In ya juya, ka yi sa'a, giya ce ta cije; ka duba manta, in ya koma fari kamar nono to ruwa ya shiga, galibi zaren kamun kifi ne ya yanke robar da ke tare ruwa a bayan babbar farfela mai tura jirgin. In har yanzu ya ƙi, a zuba mai cokali biyu ta kowane ramin buji a bar shi ya kwana. Kada ka yarda a sa ƙarfe a murɗe shi da tsiya, nan ake mai da ƙaramar ɓarna babba.

Sai a buɗe kan injin kana tsaye a wurin. Ka goga farcenka a bangon silinda. In ɗan dalmar fistan ne kawai ya manne, ana goge shi, a sa sabon fistan da zobba da gaskit. In farce yana maƙalewa cikin zane, sai an kai an rarake silindar a sa fistan mai ƙarin 0.25 ko 0.50 na milimita. Duk waɗannan gyara ne da ya cancanci kuɗinsa. Inda magana ke canzawa shi ne ƙasa: a kama sandar fistan a ja sama a danna ƙasa. In tana wasa, ko ƙarfen ya yi shuɗi saboda zafi, ɓarnar ta kai karanshaf, wato babban ƙarfen da sandunan fistan ke juyawa. A nan ka karɓi lissafin kaya da na aiki a rubuce. A ganinmu, in ya haura rabin kuɗin injin hannu (wanda aka taɓa amfani da shi) mai lafiya, ka rabu da shi. Kuma ka sayar gunduwa-gunduwa: ƙafa, kafireto, farfela da akwatin wuta sun fi daraja a ware.

In an gyara, dole a canza ƴar farfelar robar nan mai tura ruwa, a kuma nemo gutsattsarin tsohuwar a cikin hanyoyin ruwa, in ba haka ba zafin zai dawo a fita ta farko. Awa 10 na farko a gauraya mai 25 da 1, wato lita guda ta man inji a jarkar fetur mai lita 25, kuma ban da bin wuta har ƙarshe. Bayan nan a koma 50 da 1, rabin lita ke nan. Man injin jirgi ake sawa, mai alamar TC-W3, ba na mota ba.

In injin hannu za ka saya, a tashe shi cikin ruwa a gabanka, a auna matsin silinda biyun. Tazararsu kada ta wuce kashi 10 cikin 100.

Shi kuwa jirgin, kada a ja shi tudu a bar wa rana kafin kuɗi su samu. Katako yana tsukewa, haɗin ya buɗe, sai ka ga haske ta tsakanin alluna. A bar shi cikin ruwa a ɗaure, ana kwalfe shi duk safiya, ko ka ba da hayarsa ga masu ƙetarar da mutane da filafili da gwangwala, ya riƙa tara maka kuɗin fistan.