Amsa ga ɗan'uwan da ɗansa ke neman makullin mota

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ya dace ka bar ɗanka mai shekara 17 ya riƙa tuƙa iyali daga Jidda zuwa Makka, tunda ya iya mota. A ganina lokacin bai yi ba.

A dokar Saudiyya sai mutum ya cika shekara 18 ake ba shi cikakken lasisin mota, ɗan 17 kuwa izinin wucin gadi kawai yake samu. Amma ba takarda ce ta fi damuna ba. Yaro yakan iya juya sitiyari tun kafin ya iya auna tazarar da ke tsakaninsa da motar gaba, kuma hanyar Makka a ƙarshen mako, bayan sallar Isha, cike take da manyan motocin masu Umra da direbobin da ke sauya layi ba sigina. Na taɓa zama kusa da ɗan ƙanina yana tuƙi, wayarsa a kan cinya tana haske, idonsa yana sauka kanta duk bayan ɗan lokaci, har sai da na ɗauke ta na jefa a aljihuna. Kyamarorin Sahir, wato na sa ido kan direbobi a titunan Saudiyya, da suka fara aiki a 2010, suna kama gudu da riƙe waya, amma tara ce kawai ke zuwa, bayan an riga an yi gangancin.

Ka fara sa shi tuƙi da rana a cikin unguwa, kana gefensa, kowa ya ɗaura bel. Kada ka bar shi ya ɗauki abokansa tukuna, domin su ne ke zuga yaro ya taka mota.