Tambayoyinku: Yadda Ake Karrama Magabatan Ilimin Kwamfuta

Assalamu alaikum Malam. Kullum muna jin labarin kyautar Nobel, amma ban taɓa jin an ce ga ta kwamfuta ba. Wace lambar yabo ce mafi girma a wannan fanni?

Wa alaikumus salam. Lokacin da Alfred Nobel ya rubuta wasiyyarsa a 1895, fannoni biyar ya ware: fiziks, kemistari, likitanci, adabi da zaman lafiya. A zamanin babu kwamfuta, balle a yi mata gurbi. Wadda ta cike wannan giɓi ita ce kyautar Turing, wadda ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ke bayarwa tun 1966. Alan Perlis ne ya fara karɓa. Tun daga 2014 kuɗinta dala miliyan ɗaya ne, kamfanin Google ke ɗaukar nauyi, kuma idan mutum biyu ko uku suka ci, rabawa suke yi.

Sunan Alan Turing aka sa mata, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rayu daga 1912 zuwa 1954. A 1936, tun ba a ƙera kwamfutar lantarki ko ɗaya ba, ya zayyana a takarda abin da na'ura za ta iya lissafawa da abin da ba za ta taɓa iyawa ba, komai ƙarfinta. Hotonsa ne a kan takardar fam 50 ta Ingila tun 2021.

Malam, yaya ake zaɓen wanda za a ba? Mutum ne ke nema da kansa?

A'a, gabatar da shi ake yi. Wani masani zai rubuta bayanin aikin da mutumin ya yi da tasirinsa, ya haɗa da tarihin karatu da ayyukansa, da jimla ɗaya gajeriya da za a karanta idan ya ci, sannan wasiƙun goyon baya daga manyan masana huɗu zuwa takwas. Ana rufe karɓa a Disamba, kwamiti ya zauna, a sanar a farkon shekara mai zuwa. Shi ya sa za ka ga kyautar 2016 sai a 2017 aka bayyana mai ita. Inda masu gabatarwa ke yin kuskure shi ne jero muƙamai da yawan rubuce-rubuce. Abin da kwamiti ke nema guda ne: wane abu ne a da ba ya yiwuwa, da aikin wannan mutum ya sa ya yiwu, kuma su wa suka yi gini a kansa?

Na lura yawancin masu karɓa dattawa ne. Me ya sa ake jira har sai sun tsufa?

Ɗan'uwa, duba tazarar da kanka. Vint Cerf da Bob Kahn sun wallafa tsarin da kwamfutoci ke musayar bayanai a intanet a 1974, aka ba su kyautar 2004. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan yanar gizo a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, a 1989, ya karɓi kyautar 2016. Bob Metcalfe ya ƙirƙiro Ethernet, hanyar haɗa kwamfutocin da ke kusa da juna ta waya, a 1973, sai kyautar 2022 ta same shi. Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ma, a lambar yabonta ta magabata da ta fara a 1981, ta sa sharaɗi ƙarara cewa sai aikin ya kai shekara 15.

Dalili shi ne a wannan fanni ba a gane ingancin dabara ranar da aka haife ta. Geoffrey Hinton da abokansa sun wallafa hanyar koyar da na'ura ta hanyar gyara kuskurenta a 1986, amma shekaru da yawa aka yi watsi da ita, domin kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi kuma babu isassun bayanan horarwa. Sai a 2012, da ɗalibansa suka yi wa kowa fintinkau a gasar gane hotuna, aka dawo kanta. Ya karɓi kyautar 2018 tare da Yann LeCun da Yoshua Bengio. A ganinmu jiran yana da hujja, sai dai yana da tsada: David Rumelhart, wanda sunansa ne na farko a takardar 1986, ya rasu a 2011. Donald Knuth ne ya fita zakka, ya karɓa a 1974 yana da shekara 36.

Na ji an ce akwai waɗanda suka riga wasu gano abu amma aka hana su yabo. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wani lokaci sirrin gwamnati ne sanadi. Ɗauki dabarar da ke kare saƙonninka da hada-hadar banki a intanet. Tushenta abu ne mai sauƙi. Ka ɗauki lambobi biyu da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, misali 53 da 61, ka ninka su, ka sami 3233. Ninkawar ba wuya. Amma in aka miƙa wa mutum 3233 kawai aka ce ya nemo biyun da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. A aikin gaske lambar tana da tsawon alƙaluma sama da 600, don haka ana iya bayyana ta ga kowa ya kulle saƙo da ita, amma mai riƙe da lambobin nan biyu kaɗai ke iya buɗewa. Matsala kan taso ne idan na'ura ba ta zaɓi lambobin a warwatse yadda ya kamata ba, har makullai biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya. Nan take ana iya fasa su duka.

Whitfield Diffie da Martin Hellman sun bayyana tunanin makulli na fili a 1976, Rivest da Shamir da Adleman suka fito da wannan hanya a 1977. Ukun sun karɓi Turing ta 2002, biyun ta 2015. Amma tun 1973 Clifford Cocks, ma'aikaci a hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, ya riga ya gano kusan hanya iri ɗaya, bisa tunanin abokin aikinsa James Ellis. Doka ta hana su magana. Sai a 1997 aka bayyana, kuma Ellis ya rasu makonni kaɗan kafin sanarwar. Haka Tommy Flowers, injiniyan da ya ƙera Colossus, na'urar da ta fara aiki a Bletchley Park, cibiyar fasa saƙonnin sirri ta Birtaniya, a 1944 don fasa saƙonnin sojojin Jamus: sai cikin shekarun 1970 duniya ta san da ita.

Duk da haka ba za a ce waɗanda suka karɓa sun ci haƙƙin kowa ba. Da kansu suka gano, kuma aikinsu da aka wallafa ne sauran masana suka gani suka yi gini a kai.

Malam, ni ɗaliba ce. Akwai mata a cikin waɗanda aka karrama?

Akwai, Malama, amma an makara ƙwarai. Shekara 40 aka yi kafin mace ta farko, Frances Allen ta kamfanin IBM, ta karɓi kyautar 2006, saboda aikinta kan manhajar da ke juya umarnin da mutum ya rubuta zuwa harshen na'ura ta yadda zai yi sauri. Barbara Liskov ta biyo a 2008, Shafi Goldwasser a 2012. Kafin su akwai mata shida da suka tsara aikin ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, a Amurka a 1945 da 1946, da hannu, suna jona wayoyi suna saita maɓallai, kuma aka daɗe ba a ambaton sunayensu. Grace Hopper, ɗaya daga cikin magabatan rubuta manhaja, ba ta karɓi Turing ba, amma tun 1971 ACM ke ba da kyauta da sunanta ga wanda ya yi babban aiki bai wuce shekara 35 ba.