Me ya sa Togo ke shiga tsakani a rikice-rikicen da suka fi ƙarfinta?

Tambaya: Wani mai karatu daga Maradi ya rubuto yana cewa ya lura duk lokacin da aka samu saɓani tsakanin gwamnatocin soja na yankin Sahel da maƙwabtansu sai a ji an nufi Lome, babban birnin Togo. Yana so ya san abin da ya ba Togo wannan matsayi, alhali ba ta da ƙarfin soja ko na arziki kamar Najeriya, da kuma ko sulhun da take yi yana haifar da ɗa mai ido.

Amsa: Gaskiya ne Togo ƙarama ce, domin faɗinta bai wuce murabba'in kilomita dubu 57 ba, mutanenta kuma miliyan takwas ne da ɗoriya a ƙidayar 2022. Sai dai a sha'anin shiga tsakani wannan ƙanƙantar ita ce jarinta. Idan Najeriya ta yi magana da sojojin da suka kifar da gwamnati, suna sauraro ne da sanin cewa mai maganar na iya rufe iyaka, ta katse wutar lantarki, kamar yadda ta yi wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Togo ba ta da sandar da za ta ɗaga wa kowa, saboda haka janar ɗin da ya karɓi shawararta ba zai ji kunyar mutanensa ba, don ba wanda zai ce an tanƙwara shi.

Al'adar kuma ta daɗe. Shugaba Gnassingbe Eyadema na Togo da Janar Yakubu Gowon na Najeriya ne suka yi ta zagayen ƙasashen yankin har aka kafa ECOWAS a Legas a 1975, kuma a Lome aka rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar Saliyo a watan Yulin 1999. Ɗan Eyadema, Faure Gnassingbe, wanda ya hau mulki a 2005, ya gaji wannan hanya, tare da ministansa na harkokin waje, Robert Dussey, wanda shi ne ke yawan yin zirga-zirgar.

Misalin da ya fi nuna yadda aikin ke tafiya shi ne na sojojin Kwaddibuwa 49 da aka kama a filin jirgin saman Bamako ranar 10 ga Yulin 2022. Mali ta ce sojojin haya ne, Kwaddibuwa kuma ta ce ta tura su ne don tallafa wa aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, kowane ɓangare ya kafe a kan bakansa. Togo ba ta tsaya tantance mai gaskiya ba, sai ta nemi hanyar da kowa zai fita da mutuncinsa. An fara sakin mata uku daga cikinsu a watan Satumba. A ƙarshen Disamba kotun Bamako ta yanke wa sauran 46 ɗaurin shekara 20, abin da ya sa mutane da yawa suka zaci zance ya lalace, amma ranar 6 ga Janairun 2023 Kanar Assimi Goita ya yi musu afuwa. Mali ta samu damar cewa kotunta ta yi hukunci, Kwaddibuwa ta karɓi 'ya'yanta. Ko jirgin da ya ɗauke su bai wuce Abijan kai tsaye ba, sai da ya sauka a Lome, inda aka damƙa su hannun jami'an ƙasarsu. Bayan shekara guda, a Janairun 2024, Dussey ya je Yamai ya fito da Salem, ɗan hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum, daga inda ake tsare da shi, ya tafi da shi Lome.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma bai kamata mai tambaya ya ɗauka alheri ne kawai ke motsa Togo ba. Tashar jiragen ruwan Lome tana cin abinci sosai da kayan ƙasashen da ba su da gaɓar teku. Da iyakar Nijar da Benin ta rufe, kayan da a da ake saukewa a Kwatano suka koma Lome, manyan motoci na bi ta garin Cinkasse na kan iyaka su ratsa Burkina Faso zuwa Tera da Yamai cikin rakiyar sojoji. Fataken Maradi sun fi kowa sanin tsawon wannan hanya da tsadarta. Akwai kuma batun tsaro, tun da masu ɗauke da makamai daga ɓangaren Burkina Faso suka hallaka sojojin Togo takwas a Kpekpakandi da ke arewacin ƙasar a watan Mayun 2022. Ƙasar da wuta ke ci a bakin iyakarta ba za ta so yin gaba da Wagadugu ba. 'Yan adawar Togo suna ƙara wani dalili, kuma a ganina suna da hujja: sunan mai sulhu yana rage wa gwamnati matsin lamba daga waje, musamman bayan sauya tsarin mulki a 2024, wanda ya ba Faure damar ci gaba da riƙe iko a matsayin shugaban majalisar ministoci.

Game da ko sulhun na amfani, amsata ita ce yana amfani matuƙar abin da ake jayayya a kai ƙarami ne mai iyaka, kamar sakin fursuna ko buɗe ƙofar magana, kuma wannan ba abin rainawa ba ne ga iyalan da suka yi wata shida suna jiran nasu. Idan batun ya kai ga wanda zai riƙe mulki, ƙarfin Togo yana ƙarewa. A Yulin 2024 ECOWAS ta ɗora wa Faure da shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye aikin lallashin Mali da Burkina Faso da Nijar, amma ƙasashen uku suka fice a Janairun 2025. Haka nan Tarayyar Afirka ta naɗa Faure mai shiga tsakani a rikicin gabashin Kwango a watan Afrilun 2025, sai ga shi yarjejeniyar Kwango da Ruwanda a Washington aka sa mata hannu, tattaunawa da 'yan tawayen M23 kuma a Doha aka yi ta.