Amsa: Za a ci ni tara kan tambarin da ba ni na manna ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana sarin kayan gwari a Amurka, an kawo maka kwalayen tumatir da tambarin Kalifoniya, daga baya ka gano na Meziko ne, shin tara za ta hau kanka? E, tana iya hawa idan ka sayar bayan ka sani. Dokar PACA ta 1930, wato dokar cinikin kayan gwari, wadda ma'aikatar noma ta Amurka ke aiwatarwa, ta haramta ƙarya kan asalin kaya, nauyi, girma ko daraja. A rubuce take cewa mai laifi na iya amsa laifinsa ya biya tarar da ba ta wuce dala 2,000 ba, maimakon a kai ga dakatar da lasisinsa, kuma wannan dakatarwar ita ce abin tsoro, ba kuɗin ba.

Sharaɗi ɗaya: dokar ta sassauta wa wanda ba shi ne mai lasisi na farko da ya karɓi kayan ba, in bai san da ƙaryar ba. Kai kuwa yanzu ka sani. Na taɓa shiga irin wannan da albasa. Hoton kwalayen da takardar sayen kaya ne suka fitar da ni. Ɗauki hoto tukuna, ka rubuta wa dillalin, sannan ka gyara tambarin kafin kwali ɗaya ya fita.